Wushiryar Sisi

Akwai girman kan da ke ɗaura zanen kunya ya fita unguwa, kowa na sa masa albarka. Shi ne laifina, kuma shi zan faɗa muku yau, ku 'yan matan da ke karanta ni da waya a hannu. Mutum ya ji magana bai gane ba, ya ƙi tambaya don kada a ce ya ƙosa. Ciwo ya kama shi, ya rufe don kada a ce ya yi wauta. An ce wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi. Ni bai ɓoye ni ba, don kwanana bai ƙare ba. Abin da ya ɓoye ya fi ni daraja. Kada wadda ta yi mini dariya sai ta ji ƙarshe.

Sunana Barakatu, ɗiyar Malam Barau na Ruwan Godiya, a ƙasar Faskari. Abin ya faru da bazara, ana saura shekara guda Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna. Ina da shekara goma sha bakwai ko sha takwas, wa ya rubuta?

Ni ce 'yar fari. Ku yanzu ubanninku na kiranku da suna har da ƙarin gishiri, ba ku san wannan ba. A zamaninmu uba yana kunyar ɗansa na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, ban kuma taɓa ganin ya dubi fuskata ba. In yana son ruwan alwala, ina tsaye gabansa, sai ya juya wajen yayarsa, Gwaggo Hajaratu, wadda ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, ya ce, "Yaya, a ce ma yarinyar nan buta ba ruwa." Ba ƙiyayya ba ce. Haka aka tarar, haka ake yi.

Baba manomin auduga ne, kuma yana da buri guda a duniya. Shekara goma sha ɗaya yana tara kuɗin Makka. Duk kaka in an auna auduga, ya fitar da zakka da haraji, sauran ya zuba a wani ɗan tulu da ya binne ƙarƙashin gadonsa. Rigarsa ta Juma'a guda ce, ta sha faci har ba a gane asalin ƙyallen. Nama sai da Salla. A wannan shekara kuɗin suka cika fam sittin da takwas. Ya taka har Ƙanƙara ya ba madugun alhazai, Alhaji Abdulƙarim, fam biyar na kama wuri a mota, aka ce za a tashi kafin azumi, a bi ta gabas har bakin teku. Sai dai Baba ya ce ƙafarsa ba ta fita sai ya aurar da ni, don hanyar Makka a lokacin hanya ce da ake barin wasiyya.

Mijin ma akwai shi, ni na zaɓi abina. Harisu mutumin Sabuwa, manomi, yana kuma yawon kasuwanni da gishiri da kanwa a bayan keke. A rumfar da nake sayar da fura ya fara ganina. Ya sha ta kwabo, ya sake shan ta kwabo, ya sake, har na ce, "Malam, cikin naka rijiya ce?" Ya ce, "A'a, mai furar ce ba ta ƙosar da mutum." Ya taɓa ba ni sabulu mai ƙamshi da ɗan madubi mai bayan kwano. Manyansa sun zo, an karɓi gaisuwa, saura sa rana kawai. Sai shiru. Wata guda, wata biyu.

Gwaggo ta sa ni gaba. Tana goge tasoshin jerena da toka tana mita.

"Mi kika yi ma yaron nan?"

"Ban yi mai komi ba, Gwaggo."

"Ruwa ba ya tsami banza. Ga tasa goma sha biyu na jera, ga faifai, ga saƙi turmi biyu. Ubanki na ƙirga kwanaki da tsinke. In motar Ƙanƙara ta tashi ba shi, ke za a tambaya ranar gobe."

Wayarmu a lokacin ita ce Suwaibatu mai daddawa, wata bazawara mai yawan dariya da ke cin kasuwarmu da ta Sabuwa. Na ba ta goro biyu na ce ta jiyo mini. Ranar kasuwa ta dawo, ta sauke ƙwaryarta a rumfata.

"Na gan shi, 'yar nan."

"Mi ya ce?"

"Ya ce a gaishe ki, ki ƙara haƙuri. Wai ba batun sa rana sai an samu wushirya."

"Sai an samu mi?"

"Wushirya. Da bakinsa ya faɗa, yana auna ma wani gishiri. Na so in tambaya, mai sayen daddawa ya kira ni." Ta dubi bakina. "Buɗe mu gani. Ash-sha! Jere kamar ƙwayar masara, ko allura ba ta ratsawa. To, maza dai kowa da haukarsa."

Ta yi dariyarta ta wuce. Ni ban yi ba.

A nan ne ya kamata in ce, "Koma ki tambaye shi mi yake nufi." Goro biyu ne kuɗin tambayar. Matambayi ba ya ɓata. Amma a raina na ce, in na sake aike, zai ce ɗiyar Malam Barau ta ƙosa da aure. Na koma gida na shiga bayan rumbu da madubin da ya ba ni, na yi ta duban haƙoran da Allah ya jera mini farare tas. Wushirya, ga wadda ba ta sani ba, ita ce 'yar ƙofar nan tsakanin haƙoran gaba, wadda samari ke wa waƙa a dandali. A ranar na raina abin da Ubangiji ya yi da kyau.

Akwai Mero, matar wani maƙeri, 'yar asalin 'Yargoje, mai zanen ƙwarya. An san tana buɗa wa 'yan mata wushirya a ɓoye. Na je da hantsi kamar zan sayi ludayi. Ta zaunar da ni a bayan maƙera, ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta, ta cusa mini totuwa a baki, ta ɗauko magagarin da mijinta ke wasa lauje da shi.

"Nawa ne?" na ce ta gefen totuwar.

"Sisi. Don ke ce."

Har yau in na ji ana goga ƙarfe, bayana na yin sanyi. Tana cikin gogawa ta ga abin ba ya sauri, ta sa bakin wuƙar zane ta ɗan buga da guntun ƙarfe. Na ji ƙas! Wani farin haske ya ratsa kaina har ƙeya.

"Ba komi," in ji Mero. "Kurkure da ruwan kanwa. Kin yi kyau kamar 'yar Filani."

Araha ba ta ado. Kwana uku na farko na yi ta murmushi ni kaɗai bayan rumbu. Rana ta huɗu ruwan randa ya taɓa haƙorin, na saki moɗa. Daga nan ya fara bugu kamar ana daka a cikin kaina. Na sa kanumfari, na sa tafarnuwa, na sa toka. Haƙorin ya soma duhu, na shafe shi da furen taba don jan ya rufe. Na riƙa jan gefen mayafi ina rufe baki, ina cin tuwo fuskata na duban bango. Gwaggo idonta ya fara yana, ba ta gani sosai, sai ma ta riƙa yabona gun maƙwabta.

"Kun ga ɗiyata? Tun da aka yi maganar aure ko haƙorinta ba a gani. Kunya ke nan ta 'yan asali."

Ina ji ina shan yabo, mugunya na taruwa.

Cikin mako na uku leɓena na sama ya tashi. Na ce rina ce ta harbe ni, Gwaggo ta shafa mini laka. Kwana biyu kumburin ya haye hanci, ya rufe idon hagu. Masassara ta sauko. Ranar wata Asabar da azahar na ɗauki buta zan kai wa Baba a zaure. Na tuna na durƙusa. Ban tuna na faɗi ba. Na dai ji butar ta fashe, mayafina ya zame, sannan na ji shiru.

Da ido ɗaya na ga abin da ban taɓa gani ba: Baba yana dubana. Ƙuri, fuska da fuska. Ashe idonsa ba baƙi ba ne, ruwan ƙasa ne, kuma yana da ɗan tabo a gira.

"Yaya!" ya yi kira da wata murya. "Yaya, zo ki ga!"

Gwaggo ta zo ta ɗaga leɓen da yatsa, ta kai fuskarta kusa. Wari ya buge ta, ta kuma ga aikin Mero.

"Innalillahi! Barau, ba rina ba ce. Fiƙe haƙori ta yi! Ke, don ubanki, wa ya aike ki?"

Baba ya juya. Ya shiga ɗaki. Muka ji ƙarar fartanya a ƙarƙashin gado.

"Barau, mi kake tonowa? Barau! Kuɗin Ɗakin Allah ne fa! A kira wanzami ya tsaga mata mana!"

Ya fito da jakar fata a rataye cikin riga, hannunsa duk ƙasa. "Wanzami bai tsaga ido," ya ce. "A ɗaura ma jaki akumari."

A kan jaki aka kai ni bakin titi, Baba na riƙe da ni ta gefe guda, shi da ko inuwata ba ya takawa. Muka samu motar auduga. Ban taɓa shiga mota ba. Ina kwance bisa buhuna, ina ganin itatuwa na gudu da baya, duwatsu na juyawa kamar ana murza su, na ce a raina ko dai mutuwar ce ta fara. Gwaggo kuwa tun kafin mu kai garin Mairuwa take amai tana kalmar shahada. A Funtuwa muka kwana gidan wani abokin cinikin Baba. Da safe malamin ɗakin shan magani ya ɗaga mayafina, ya mayar da sauri.

"Malam, wannan ya fi ƙarfina. Sai Zariya, kuma yau. In ya kai gobe, ban sani ba."

Ranar Lahadi ce, ba motar haya, jirgin ƙasa kuma sai washegari. Wani direba ya ce zai yi shata, fam huɗu. Fam huɗu, kuɗin ɗan maraƙi! Gwaggo ta buɗe baki za ta yi ciniki, Baba ya riga ya kwance jaka.

Da la'asar muka isa asibitin. Jama'a, na ga aikin ɗan Adam da Allah ya ba ilimi. Gini dogo fari, tagogi sun fi na ƙirga. Fitila a rataye ba mai, ba lagwani, ba hayaƙi, tana ci tun rana ba ta faɗi ba. Wani abu mai fukafukai uku yana juyawa a sama yana yi wa mutane fifita ba hannun kowa. Ruwa na fitowa daga bango. Ko'ina wani ƙamshi mai yaji da ban san sunansa ba. Ranar ba a ganin marasa lafiya na layi, sai ta wata ƙofar gefe da ake shigar da waɗanda ba su iya jira. Gwaggo ta zube a baranda, jiri bai sake ta ba. Baba shi kaɗai ya shigar da ni, aka kwantar da ni a wani gado mai ƙafar keke.

Malamin asibiti, wani Bazazzagi mai farar riga da alƙalami a kunne, ya jawo kati.

"Sunanta?"

Baba ya dubi ƙasa. "Ɗiyar gidanmu ce."

"Na ji. Sunanta?"

"Yarinyar... daga Ruwan Godiya muke."

"Malam, kati ba ya karɓar 'yarinyar'. Likita ba ta taɓa mutum sai da suna, ga shi ita bakinta ba ya buɗuwa. Lokaci na tafiya."

Baba ya waiwaya ƙofa ko Gwaggo za ta shigo. Ba ta shigo ba. Dattijo mai furfura, wanda ke raba gardama a masallaci, ya tsaya yana kame-kame gaban saurayi mai alƙalami. Sannan a hankali, kamar mai ɗauko ƙwai daga ƙasan rumbu, ya ce:

"Barakatu."

"Barakatu wa?"

"Barakatu Barau. Tawa ce. Ta fari."

Ban san sunana na da daɗi haka ba. Na sha jin sa a bakin kowa, a kasuwa, a rijiya, a bakin Harisu ma. Amma a ranar ji na yi kamar yanzu aka raɗa mini shi. Hawaye ya fito ta idon da ke buɗe, ya kuma matso ta wanda ya rufe.

Likitar Baturiya ce, doguwa, gashinta kamar gemun masara, tana Hausa ta hanci. Ta duba, ta danna, ta ce a kai ni ɗaukar hoto. Na ce a raina, hoto kuma, da wannan fuskar? Aka sa kaina jikin wani ƙarfe mai sanyi, wani abu ya yi ƙara, shi ke nan. Can sai ga ta da wani baƙin faifai mai sheƙi, ta ɗaga shi jikin fitila, ta kira Baba.

Ƙoƙon kaina ne. Ba fata, ba nama, ba kwalli, ba fure. Ramukan ido biyu, ramin hanci, haƙora a jere suna dariyar da ba ta ƙarewa, ga 'yar ƙofar Mero a tsakiya. Ina raye, ina numfashi, ina kallon abin da kabari zai gani.

Baba ya cire hula. Ya daɗe yana kallo.

"Subhanallahi," ya ce. "Wanda ya ba bawa ikon leƙa wannan, shi ina nasa ganin ya tsaya?" Ya matsa kusa. "Haka duk muke a ciki?"

"Haka, Malam," in ji likita. "Ni ma haka." Ta nuna wani duhu a saman haƙoran. "Nan ya ruɓe. Ruɓa tana hawa, ta kusa bayan ido. Daga ido sai ƙwaƙwalwa. Zan cire haƙori huɗu, in tsaga, in wanke. Yanzu."

Malamin asibiti ya karanta masa kuɗin: aikin gaggawa da maganin barci fam shida, hoto fam ɗaya da sule goma, allura sule uku-uku sau huɗu a yini, gado sule biyu kullum. Sannan ya girgiza kai.

"Da tun haƙorin na ciwo kuka zo layin safe, sule biyu ne a cire shi ku koma gida ranar."

Sule biyu. Ina da sule uku ƙulle a bakin zanena na cinikin fura.

Baba ya zauna a ƙasa ya baje gefen rigarsa, ya riƙa jera kuɗin kashi-kashi. Na san wasu daga cikin sulallan nan. Akwai wanda ya yi baƙi tun shekarar fari, akwai mai ɗan lanƙwasa da aka ba shi a kuɗin tunkiya. Ya tura su bai ƙirga sau biyu ba.

Aka kife mini wani abu kamar ludayi a hanci, aka ce in ƙirga. Na ce ɗaya, biyu, uku, fitilar ta yi nisa kamar tauraro. Ban yi mafarki ba, ban ji wuƙa ba, ban san an yi magariba ba. Aka ɗauke ni daga duniya aka ajiye wani wuri, aka kuma dawo da ni. Da na farka da safe, bakina cike da auduga, abin da ya fara zuwa raina shi ne: ashe tashin ƙiyama ba wuya ba ne wurin Allah, tunda ga bayinsa ma suna kwatantawa.

Allurar nan kuwa, wani farin ruwa ne kamar madara, ɗan kaɗan a kwalba. Ana soka ta a ɗuwawu, ta je ta sami ciwo a fuska. Wa ya nuna mata hanya? Kwana biyar masassara ta sauka. Kwana tara idon ya buɗe, sai dai abin da yake gani kamar ta cikin hayaƙi. Gwaggo na kwana ƙarƙashin gadona, a nan na faɗa mata saƙon da Suwaibatu ta kawo mini. Baba na yini a gindin wata bishiyar mangwaro da tasbaha, jakar fata na ƙara laushi a ƙirjinsa.

Ranar kwana na goma sha shida, da hantsi, na ji ƙararrawar keke. Harisu ne, ya yi kwana biyu a hanya, ƙafafunsa fari fat. Ba a barin maza su shiga ɗakin mata, sai ya tsaya ta taga. Na ja mayafi har hanci.

"Gwaggo, ina kwana? Ya mai jiki?"

"Jiki ga shi nan, ka gan shi," in ji Gwaggo, ba ta ko dube shi ba.

"Sai shekaranjiya na ji. Wallahi ina can wajen alƙali ana ta kai da kawo." Ya sassauta murya, yana murmushi. "Barakatu, albishirinki. An samu Wushirya."

Gwaggo ta miƙe zumbur. "An samu! Ai kuwa an samu! Wushirya kake so, ga ƙofar gari an buɗe maka, raƙumi da kaya sai ya wuce! Kai ko kunya ba ka ji? Ɗiyar mutane kamar ita, ka ce ba ka aure sai an fasa mata baki?"

"Baki? Wane baki, Gwaggo?"

"Ba kai ka aiko Suwaibatu ba?"

"Ni na aiko ta. Na ce sai an samu Wushirya. Gonar mahaifina ce, fadamar da ke tsakanin duwatsu biyu yamma da Sabuwa. Kowa a garinmu haka yake ce mata. Tun rasuwarsa ake gardamar rabonta da baffannina. Na ce ba ni ɗauko ɗiyar Malam in ajiye ba gonar da zan ciyar da ita. Ranar Alhamis alƙali ya..."

Ya tsaya. Ya dubi Gwaggo, ya dubi mayafina. Na ga maganar tana shiga kansa a hankali, kamar ruwa a busasshiyar ƙasa. Ya dafa tagar da hannu biyu.

"Barakatu. Don wannan?"

Na ƙara jan mayafi. Da wane bakin zan yi magana?

"Mi ya hana ki tambaya? Haƙoranki fa na fara gani, kafin in ga furar."

Gwaggo ta koma ta zauna a ƙasa, ta rufe kai da zane. Ban sani ba ko kuka take ko dariya, ina jin duka biyun ne.

Harisu bai zo da wannan kaɗai ba. Ya biyo ta gida, aka ba shi saƙon Alhaji Abdulƙarim: motar alhazai za ta tashi daga Ƙanƙara ranar Asabar, saura kwana huɗu. Wanda bai zo da cikon kuɗinsa ba an ba wani wurinsa, abin da ya ajiye kuma ya shiga kuɗin mota. Ta taga nake jin su a gindin mangwaro.

"Baba, ku tafi. Ni zan tsaya. Zan sai da keken, in jinginar da gonar, a cika abin da ya ragu."

"Gonar da ka samu kwanan nan?"

"Ita."

"A'a. Ba a zuwa Ɗakin Allah da gonar maraya." Baba ya ja tasbaha. "Kuma likita ta ce saura kwana takwas, ciwon na iya juyowa. Ɗakin Allah na nan inda Annabi Ibrahimu ya bar shi, ba ya masassara. Wannan kuwa amana ce aka ba ni a hannu. In na je ina ɗawafi, aka tambaye ni ina na baro ta, mi zan ce?"

"Shekara goma sha ɗaya fa, Baba."

"Wanda ya kira ni ya san inda nake zaune."

Ranar Asabar ɗin ina kallonsa ta taga. Ya yi sallar walaha, ya zauna fuskarsa na duban gabas, bai motsa ba har inuwar mangwaron ta bar shi cikin rana. Da aka sallame mu ya koma yadda yake. "Yaya, a ce ma yarinyar nan ta ɗauko ƙullinta." Bai taɓa yi mini faɗa a kan abin ba, ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Harisu bai fasa ba. Bayan Salla aka ɗaura, na tare a Sabuwa, na yi shekara arba'in da ɗaya ina kai masa abinci tsakanin duwatsun nan biyu. Kada ku ce to ai labari ya yi daɗi. Ba a kan miji aka yi mini hukunci ba.

Ga lissafin, na haddace shi kamar Fatiha. Motar auduga zuwa Funtuwa, sule shida. Shata zuwa Zariya, fam huɗu. Aiki, fam shida. Hoto, fam ɗaya da sule goma. Allura arba'in, fam shida. Gado kwana ashirin da huɗu, fam biyu da sule takwas. Ci da masauki da kuɗin komawa, fam uku da sule goma sha shida. Fam biyar na wurin madugu, sun tafi. Fam ashirin da tara ke nan, a kan aikin sisi. Haƙori huɗu na sama. Rabin ganin idon hagu, har yau.

Fam talatin da tara suka koma cikin tulu. Shekara ta gaba tsutsa ta ci auduga. Ta gaba da ita kuɗin hanya ya tashi. Daga nan gwiwa ta kama shi. Ya yi shekara tara yana ƙarawa da sule ɗaya, sule biyu. Ranar da ya rasu aka tono tulun, aka sami fam sittin da ɗaya. A ciki aka sayi likkafani, aka raba sauran gado, aka miƙo mini kasona a faifai.

Waɗanda suka shiga motar Ƙanƙara su goma sha huɗu ne, goma sha uku suka dawo, kowa na ce musu Alhaji. Ubana an kai shi kabari ana ce masa Malam Barau.